Tambayi Bakanike: Karanshaf ɗin 1.8 Ya Shiga Bulok ɗin 1.6, Shi Ke Nan?

Wasiƙun da suka taru mana wannan watan daga masu karatu na Legas kusan bakinsu ɗaya. Inji ya tsufa, kayansa sun yi wuya ko sun yi tsada, an shiga Ladipo ko Owode-Onirin an samo na yayansa ko na ƙanensa, mai shago ya rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Mun tsamo guda shida, kanikawan da ke riƙe da wannan shafi suka duba su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Golf 2 mai injin 1.6, da ita nake jigilar kayan gwari daga Mile 12 zuwa Agege. Metal, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai, ya cinye, karanshaf ya ji ciwo har mai gurandin, wanda ke goge wuyan karanshaf da inji, ya ce ya wuce gyara. Bakanikena ya samo na 1.8 a Ladipo, ya ce ai zoben fistin ɗinsu ɗaya ne, zai zauna, har motar ma ta ƙara ƙarfi. In bari ya ɗaura?
*Daga wani direba, Agege*

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ce masa ya dakata tukuna. Maganar zobe gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa maka zancen ba. Injin Volkswagen 1.6 mai cc 1595 da 1.8 mai cc 1781 faɗin raminsu ɗaya ne, milimita 81. Abin da ya raba su shi ne tafiyar fistin daga ƙasa zuwa sama, kuma karanshaf ne ke yanke ta: milimita 77.4 a ƙaramin, 86.4 a babban. Tazarar milimita 9 ke nan, rabi ta ƙasa, rabi ta sama. Tsayin bulok ɗinsu ɗaya, kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, shi ma tsawonsa ɗaya, milimita 144. To ina kamfani ya kai milimita 4.5 ɗin da fistin zai ƙara hawa? A jikin fistin ɗin ya rage su. Ka ajiye fistin 1.6 da na 1.8 a kan benci, ka zura fil guda ta ramukansu biyu, za ka ga kan na 1.6 ya ɗara na 1.8. Ba sai da ma'auni ba, ido ma ya isa.

In aka sa karanshaf ɗin 1.8 a ƙarƙashin fistin 1.6, fistin zai leƙo saman bulok da milimita 4.5, gasket kuwa kaurinsa bai kai 2 ba. Tof, wato kan injin da ke rufe bulok, zai daka. Bakaniken da ke juya inji da hannu kafin ya rufe zai ji ya cije, asarar ta tsaya a ɓata lokaci. Wanda ya rufe ya ba shi kik kai tsaye, shi ne zai lanƙwasa kwanrod ko ya fasa kan fistin.

Akasin haka ma ana yi, kuma shi ya fi wuyar ganewa domin injin yana tashi: karanshaf na 1.6, fistin na 1.8. Fistin ya tsaya saura milimita 4.5 ya kai sama, an bar fili wajen cc 23 a kowane rami, matsin da fistin ke yi wa iska da fetur, wanda ya kamata ya kai 9, ya faɗo ƙasa da 7. Irin motar ce ke gardamar tashi da asuba, ta sha fetur, ta yi nishi a gadar Pen Cinema da buhu goma, a yi ta kwance kafireto ana wankewa alhali ba shi da laifi.

Abin da zai yiwu shi ne karanshaf na 1.8 tare da fistin huɗu na 1.8, a tafi da su tare. Kafin ka biya kuɗi, a goge jikin bulok ɗinka ta gefen da fitar baƙin mai take, dab da inda tof ya zauna, a karanta haruffan da aka buga. EZ 1.6 ne, GU kuwa 1.8 ne mai kafireto. Akwai tsohon 1.6 mai cc 1588 da ya zo a Golf 1 da tsofaffin Passat da Audi 80, raminsa 79.5 ne, tafiyarsa 80. In shi ne a motarka, duk wannan lissafi bai hau kansa ba.

Sannan a auna wuyan karanshaf ɗin da aka samo. Tokumbo ba ya nufin ba a taɓa yi masa gurandin ba. In an taɓa ci masa milimita 0.25 ko 0.50, metal ɗin da za a saya sai ya zama na wannan lamba, in ba haka ba firishan mai zai faɗi, cikin 'yan makonni ka koma gidan jiya. Haka in an taɓa yi wa bulok ɗinka bora, wato an faɗaɗa ramukansa, fistin ma sai na wannan ƙarin. Fistin 1.8 iri-iri ne, akwai mai kwarmi mai zurfi a kai, akwai mai ɗan kaɗan da ke kai matsi 10. Ga motar lodi da ke wuni a cunkoso cikin zafin Legas, mu mai zurfin muke zaɓa. Kibiyar da ke kan fistin ta kalli ɓangaren taimin bel. Duk fistin da aka sa, a juya karanshaf zagaye guda da hannu kafin a sa na gaba. Notunan tof sababbi, a ɗaure daga tsakiya zuwa waje, Nm 40 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, sai Nm 60, sai a ƙara rabin zagaye.

Kafireton Pierburg 2E2 ya zo a 1.6 ya kuma zo a 1.8, amma jet ɗinsu ba ɗaya ba ne. Bayan kwana biyu kana aiki ka kwance fulogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne daidai. In ya yi fari fat kamar alli, fetur ya yi wa injin kaɗan, a canza jet kafin bawul ya ƙone. In kuma kana jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka taka totur a hawa, a ja taimin baya kaɗan.

Kada kwaɗayi ya kai ku ga kayan 2.0 mai lamba 2E. Shi bulok ɗinsa ya fi tsayi da wajen milimita 16, raminsa 82.5, kwanrod 159, bel ɗinsa haƙori 124 maimakon 121, hatta haƙoran gindin distirbuta daban ne. Kuma in ka haɗa kuɗin karanshaf da fistin da zobe da metal da gasket da aikin hannu, ka tambayi kuɗin rabin injin 1.8 da ba a buɗe ba. Sau da yawa shi ya fi sauƙi.

Tambaya: Carina E ɗina mai injin 4A-FE ta shaƙi ruwa a ambaliyar damina, kwanrod ya karye ya huda bulok. Tof ɗina lafiya yake. An samo mini rabin inji amma 7A ne aka rubuta a jikinsa. Mai kayan ya ce in ɗora tof ɗina a kai kawai. Zai yi?
*Daga wani mai karatu, Idi-Araba*

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Zai yi, ɗan'uwa, ana yin sa sosai, amma kalmar “kawai” ɗin nan ta mai sayarwa ce. 4A-FE cc 1587 ne, 7A-FE cc 1762. Raminsu ɗaya, milimita 81, shi ya sa tof ke zama, notuna su faɗa ramukansu. Tafiyar fistin kuwa 77 ce a 4A, 85.5 a 7A. Toyota ba su bi hanyar Volkswagen ba, su bulok suka ƙara wa tsayi da wajen milimita 15, suka sa kwanrod mai tsawo. Wuyan karanshaf inda kwanrod ke kamawa milimita 40 ne a 4A, 48 a 7A. Ma'ana daga cikin tsohon bulok ɗinka ba abin da za ka ɗebo ka kai sabon: ba karanshaf, ba kwanrod, ba metal ɗinsa.

Milimita 15 ɗin nan kuma za su bi ka ko'ina. Tof ya hau sama, don haka taimin bel na 4A mai haƙori 117 ba zai kai ba, sai na 7A mai 121. Murfin robar bel, da ƙarfen da ke tallafe manifol daga ƙasa, da bututun ruwa na bayan inji, da sandar awon baƙin mai da gidanta, duk na 7A za a nema. Bututun salansa na gaba zai gaza kaɗan, kada a ja shi da ƙarfi a ɗaure, zai tsaga manifol daga baya. A samo nasa ko mai walda ya ƙara masa. Mafi alheri ka sa mai kayan ya haɗa maka waɗannan tarkace cikin ciniki tun a shago, domin in ka dawo nemansu ɗai-ɗai sai sun fi ƙarfin kuɗinsu. In ranar Alhamis za ka shiga kasuwar, bari sai bayan ƙarfe goma, da safe shara ake yi.

Ka duba wane 4A-FE ne naka. Na farko nozul ɗinsa a jikin tof suke, bel ɗinsa haƙori 94. Na biyu, wanda ya fito daga wajen 1992, nozul sun koma jikin manifol, shi ne sa'an 7A. Akwai kuma Carina E ta Turai mai injin tsimin fetur, da wasu 'yan marafai a cikin hanyar iska, tof da manifol da birenbos ɗinta, wato kwamfutar injin, nata ne na kanta. Kada a gauraya su da na gama-gari.

Tof ɗin da ka ce lafiya yake, injin da ya sha ruwa ba a yi masa shaidar ido. A kifa shi, a zuba kananzir a kwarmin kowane silinda, a jira minti goma a ga ko zai tsiyaye ta bakin bawul. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa tsaye da kwance da karkace, a zura fila gej, siririn ma'aunin rata. Toyota milimita 0.05 suka yarda da shi, in ya wuce sai an kai an share fuska. Gasket na 7A za a sa, domin da fistin da bulok yake tafiya. Notunan tof akwai gajeru akwai dogaye, a lura da gefen da kowanne ya fito. Ɗaurinsu Nm 29, sai kwata zagaye, sai a sake kwata zagaye. In an taɓa share fuskar tof ɗin a baya, a liƙa ɗan danƙon wasan yara a kan fistin, a rufe da tsohon gasket, a sa bel, a juya zagaye biyu da hannu, a buɗe a yanka danƙon a auna inda bawul ya danna. Kada ya gaza milimita 2.

Saura abin da aka fi mantawa: birenbos. Waɗannan injina matsin iskar manifol suke aunawa su lissafa fetur, kuma birenbos na 4A ya san cc 1587 ne a ƙarƙashinsa. Yanzu an ƙara masa kashi 11 cikin ɗari bai sani ba. A tafiyar lallaɓa sensar salansa za ta cike giɓin, in tana da rai. Amma in ka take totur har ƙasa, birenbos ba ya sauraron wannan sensa, injin zai yi aiki da ƙarancin fetur, ya ɗau zafi. Birenbos da nozul na 7A su ne maganin, tare da duba ko filoginsu ya dace da wayarin motarka.

Tambaya: Ina gaisuwa. Camry 2.2 gare ni, ƙirar 1998, injin ya buga. Bakanikena ya ce in sa injin 2.0 na RAV4, wai ya fi araha kuma ba ya shan mai kamar 2.2. Ni dai kai yara makaranta da zuwa shago nake yi da ita. Me kuka gani?
*Daga wata 'yar kasuwa, Obalende*

Amsa: Muna amsawa, Hajiya. Injin motarki 5S-FE ne, cc 2164. Wanda yake nufi 3S-FE ne, cc 1998. Gida ɗaya suka fito, yana kama giyabos ɗin, don haka aikin ba baƙo ba ne a garejin Legas. Amma zancen tsimin mai kada ki sa shi a lissafi. Nauyin motar bai ragu ba, ƙaramin inji kuma sai an fi taka shi kafin ya ja, balle da na'urar sanyi a kunne a cunkoson gadar Third Mainland. Ga shi in aka bar birenbos da nozul na 2.2, za su riƙa zuba fetur na cc 2164 a injin da ya gaza haka da wajen kashi 8 cikin ɗari.

Za ki ji wani bambancin a hannu. 5S-FE na Camry yana da wasu sanduna biyu a cikin kaskon baƙin mai da ke kashe girgiza, 3S-FE ba shi da su. A tsaye a danja sitiyari zai ɗan fi karkarwa. Ba lalacewa ba ce.

In dai araha ta sa za a yi, ga abin da za ki sa a tabbatar miki. Camry daga 1997 ba ta da distirbuta, kwayil biyu gare ta, tana kuma karanta juyin karanshaf da wata sensa da ke zaune a jikin famfon baƙin mai. 3S-FE akwai mai distirbuta, akwai mai kwayil. Mai kwayil za a nema, in ba haka ba sai an yi ta yanke-yanken waya, kuma motar da aka yanka wa waya ba ta rabuwa da mai gyaran wuta. A gwada kaskon baƙin mai da bututun da ke tsotso daga cikinsa, da kujerun inji, da na tsohon. Sannan a karanta lambar da kyau: akwai 3S-FSE, ana rubuta D-4 a murfinsa, mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda da wani famfo mai tsananin matsi. Ba ya aiki da wayarin motarki, kuma in famfon ya tsufa yakan zubo fetur cikin baƙin mai. Ko kyauta aka ba ki, a bar shi.

Kayan cikinsu ba sa musanya, ko da wani ya ce zai haɗa miki guda daga biyu. Ramin 3S 86 ne, na 5S 87. Milimita guda a baki ba komai ba ne, amma ratar da ake bari tsakanin fistin da bango ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Wuyan karanshaf ma 48 ne da 52. Taimin bel ne dai ɗaya, haƙori 163.

In atomatik ce, a tura kwanbata, wato ƙullin ƙarfen da ke haɗa inji da giya, cikin giyabos ana juya ta har ta faɗa ƙarshe kafin a haɗa inji. In aka bar ta a jikin inji aka janyo giyabos da noti, famfon giya ne zai fashe, a zo a ce miki giyar ma dama ta mutu. Ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin, ki kai ofishin lasisi a gyara takardu. Mu dai da za a samu 5S-FE mai lafiya da ɗan ƙari a kan kuɗin, shi za mu ce ki saya.

Tambaya: Ni dattijo ne, Peugeot 504 fikof nake da ita tun tuni, tana ɗaukar mini dabbobi daga Alaba Rago. Injinta 1.8 ne. Na sami tof da silif da fistin na 2.0 a wurin wani da ya yanka tasa. Wanne zan iya amfani da shi?
*Daga wani Alhaji, Ojo*

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Motar da aka daɗe ana haɗa irinta a Kaduna har yau tana cin abinci, a gaishe ta. Injinan fetur na wannan gida uku ne: cc 1618 da aka gada daga 404, rami 84 tafiya 73, cc 1796, rami 84 tafiya 81, sai cc 1971, rami 88 tafiya 81. Ka ga 1.8 da 2.0 tafiyarsu ɗaya, a faɗin rami suka rabu. 1.6 da 1.8 kuwa raminsu ɗaya, a karanshaf suka rabu, don haka fistin ɗin 1.6 ba ya hawa karanshaf na 1.8 duk da zai shiga silif ɗin sumul.

Silif na Peugeot, wato bututun da fistin ke tafiya a ciki, a cikin ruwa yake tsaye, ana zare shi da hannu, gindinsa ne kawai ke zaune a wani gurbi a ƙasan bulok. Wannan gurbi shi ne alƙali. A sa baniya, ma'aunin faɗi, a auna gindin silif na 2.0, a auna gurbin bulok ɗinka. In ba su yi daidai cif ba, a bar maganar. Silif ɗin da aka dako da guduma, ko aka cike masa rata da gam, ruwa zai bi gindinsa ya gangara cikin baƙin mai, ka zaro sandar awo ka ga abu kamar shayi da madara, metal kuma ba ya kwana biyu a irin wannan mai. In sun dace, to silif da fistin da zobe da gasket na rami 88 gaba ɗaya za a sa. Gasket na 84 a kan rami 88 bakinsa zai leƙo cikin wuta da milimita 2 ta kowane gefe, ba zai yi mako ba ya ƙone.

Kan silif dole ya ɗara fuskar bulok da ɗan abu kamar kaurin gashi, duka huɗun kusan daidai, domin shi ne gasket ke dannewa. Ana saita wannan da siraran zobban da ake sa wa a gindinsa. Kuma muddin tof yana ƙasa, kada yaro ya juya karanshaf sai an danne silif da washa mai faɗi da noti, in ba haka ba fistin zai ɗago su, datti ya shiga gurbin.

Batun tof kuwa lissafin matsi ne. A ɗauki misali: silinda guda ta 1.8 cc 449 ce. In filin da ya rage a sama cc 60 ne, matsi ya zama 449 a tara da 60 a raba da 60, wato 8.5. Ka mayar da silindar cc 493 ta 2.0 a ƙarƙashin wannan fili, ya koma 9.2. Tof mai babban kwarmi a kan ƙaramin rami kuma ƙasa zai ja shi, mota ta yi sanyin jiki. Auna kwarmin ba wuya: a kifa tof da bawul da fulogi a ciki, a shafa giris a gefe, a rufe da ɗan gilashi ko roba mai huda, a riƙa ɗura kananzir da sirinji ana ƙirgawa har ya cika. A yi wa tof ɗinka, a yi wa na 2.0. In za ka bar injinka a 1.8, riƙe tof ɗinka, wancan ka ajiye shi don bawul da sauran ƙananan kaya, su ma sai an gwada.

Tambaya: Ina koyon aiki a gareji. An kawo mana danfo da aka cire injinta na asali aka sa na Golf. In direba ya sha kwana ko ya taka birki da ƙarfi sai fitilar baƙin mai ta kawo, kuma giya tana kuka tana zubar da mai ta wajen kuloci. Maigidana ya canza famfon mai, ba ta daina ba. Sannan shin kayan injin danfo 1.9 suna shiga 2.1?
*Daga wani ɗan koyo, Ijora*

Amsa: Madalla da yaron da ke tambaya. Ka gai da maigidanka, ka ce ya leƙa kaskon baƙin mai, wanda kuke kira botom filet. A cikin Golf injin kusan a tsaye yake, ɗan jingina kaɗan ya yi. Da Volkswagen suka sa irin wannan bulok a danfo mai dizal, kwantar da shi suka yi digiri 50 don ya shige ƙarƙashin murfi, suka yi masa kasko da bututun tsotso na musamman. In aka kwantar da inji aka bar kaskon Golf, man zai taru a gefe, bakin bututu yana sama-sama, kwana ɗaya mai kyau sai ya shaƙi iska. Sabon famfo ba zai tsotso abin da bai kai gare shi ba. A nemo kasko da bututu da sandar awo na danfo mai dizal. Ƙara mai ya wuce alama ba gyara ba ne, karanshaf zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa.

Kukan giya kuma, ku sauke ta ku duba ramin da ke ƙarshen karanshaf. Sandar giyar danfo doguwa ce, bakinta yana buƙatar ɗan boris a wannan rami ya riƙe shi. Giyar Golf ba ta amfani da shi, saboda haka injin da aka ciro daga Golf fanko yake zuwa. Ba boris, sanda na lilo, ta cinye sil, ta kashe boris na cikin giya. Abu ne ɗan ƙarami mai arha, amma sai an tuna da shi.

Na 1.9 da 2.1, wato injin asali mai silinda kwance biyu-biyu: raminsu ɗaya, 94, tafiya ce 69 da 76. Amsar da muka ba direban Agege a sama ta hau kansu, karanshaf da fistin ba a raba su. Tsarin wutarsu 1-4-3-2 ne, na injin Golf 1-3-4-2, kada ka jera wayar fulogi da haddar ɗayan a kan ɗayan. Kuma ko wane inji ne a ciki, lagireto yana can gaba, inji yana baya, ruwan da ke tsakaninsu ya haura lita 15. A ɗaga gaban motar, a sassauta notin iska da ke saman lagireto, inji yana aiki ana ƙara ruwa har kumfa ta daina fita. Danfo da yawa da ake cewa sabon inji ya fi ƙarfin lagireto, iska ce kawai aka bari a bututu.

Tambaya: Mercedes 200 gare ni, tsohuwa. Taimin cen da gasket na 230 za su yi mini? Kuma abokina mai 250 dizal yana tambaya ko fistin 200 dizal zai yi masa.
*Daga wani mai karatu, Sabo Yaba*

Amsa: Gasket a'a, Malam. Injin M102 na 200 raminsa 89 ne, na 230 kuwa 95.5, tafiyar ce ɗaya, 80.25. Cen kuma ba girman inji ke raba shi ba, shekara ce: na farko layi ɗaya ne, na baya layi biyu, kowanne da haƙoransa da abin da ke ɗame shi. Buɗe murfin zuba baƙin mai ko murfin tof ka ƙirga layin naka kafin ka tafi kasuwa.

Abokinka ya fi ka sa'a. OM601 na 200, da OM602 na 250, da OM603 na 300, duk rami 87 tafiya 84 ne, yawan silinda ne ya bambanta, huɗu da biyar da shida. Sharaɗi biyu: kada a haɗa fistin mai turbo da marar turbo, domin na turbo an yi shi ne don mai ya riƙa sanyaya shi ta ƙasa, kuma kada a ɗauko na bas mai 2.3 ko 2.9, wanda raminsa 89 ne. Ya tafi da tsohon fistin ɗin a leda, a jera su a auna faɗi da kaurin fil da gurbin zobe, a kuma ɗora su a sikeli, domin fistin guda da ya fi 'yan'uwansa nauyi zai sa injin girgiza.